Ciwon gadon baya da karkacewar ƙashi, in yarda a min aiki ko in jira?

Autar_Mama:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka san wannan lalurar ko suka taɓa shiga cikinta. Shekarata 24, ina da karkacewar ƙashin baya wanda likitoci suke ce wa sikoliyosis, tun ina 'yar shekara 13 aka gano shi, lokacin an ce digiri talatin da wani abu ne, aka ba ni rigar robar nan mai tauri na yi ta sawa har na daina tsawo sannan aka ce in ajiye. Daga nan ban ƙara bi ta kai ba tunda ba ya damuna. Yanzu sabon hoton da aka min ya nuna digiri 47, a gadon baya yake, ya lanƙwasa wajen dama, in na sunkuya haƙarƙarin dama yana ɗan tuɗowa sama fiye da na hagu.

Ni ba tuɗowar ce ta dame ni ba, na saba da ita, ciwon ne. Tsakanin allunan kafaɗata, musamman ƙarƙashin allon dama, wani zafi-zafi ne da gajiya, in na daɗe zaune gaban kwamfuta a wajen aiki kafin yamma ta yi wlh har wuyana yake hawa, sai na kwanta a ƙasa na miƙe sannan ya lafa. Da safe lafiya lau nake tashi. Maganin kashe zafi kam na sha har na gaji.

Toh likita na farko da na gani ya ce 47 ai ta kusa 50, gara a yi aikin yanzu ina da ƙuruciya, a sa ƙarfe a haɗe ƙasusuwan daga T4 zuwa L1 (lambobin gaɓoɓin ƙashin baya ne daga sama zuwa ƙasa, T na gadon baya, L na ƙugu). Na biyu kuma ya ce shi bai ga abin gaggawa ba, in je fisiyo, wato wajen masu gashi da motsa jiki, a maimaita hoto bayan shekara a gani ko yana ƙaruwa. Duka biyun likitocin ƙashin baya ne, kowa da hujjarsa, ni kuma a tsakiya kaina ya ɗaure. Mama ko sunan tiyatar ba ta son ji.

Abinda nake son sani, aikin nan yana raba mutum da ciwon? Bayan an yi mutum yana iya sunkuyawa kamar da? Ya zancen haihuwa nan gaba? Kuma in na jira ba zan zo ina da-na-sani ba an ce ya yi nisa? Na gode.

MaiRodiBiyu:

Wa alaikumussalam ƙanwata, sannu, Allah ya ba ki lafiya. Ni an min, ina 'yar shekara 19, nawa ya kai 58 kuma a bayyane yake ƙaruwa duk hoton da aka ɗauka sai an ga ya matsa, so ni ba a ma tsaya dogon tunani ba. Kusan irin wajen da aka ce miki aka haɗe min, T4 zuwa T12.

Bari in fara da ta ciwon tunda ita ce babbar tambayarki. Gaskiyar magana ba a raba ni da ciwo gaba ɗaya ba. Bayana ya miƙe sosai, kafaɗuna sun daidaita, har ɗan tsawo na ƙara, kaya suna zama a jikina yadda ya kamata, wannan duk na samu kuma ina godiya. Amma wannan zafin na ƙarƙashin allon kafaɗa da kike faɗa, na san shi sarai, kuma har gobe in na daɗe a zaune yana leƙo ni, ya dai ragu ne. Ga kuma wani waje kusa da ɗinkin da ya daɗe a dashe ba na jin taɓi sosai. Likitana tun kafin a shiga ya faɗa min ƙarara cewa shi abinda zai iya min alƙawari shine tsayar da karkacewar, ciwo kuwa wasu yana tafiya wasu yana raguwa wasu yana nan, lokacin na ji haushin maganar amma yanzu ina ganin ƙimarsa da bai yaudare ni ba.

Sunkuyawa kuma, ina sunkuyawa lafiya, ina ɗaura igiyar takalmina ina ɗaukar abu a ƙasa, saboda yawancin sunkuyon mutum daga ƙugu da kwankwaso yake fitowa, gadon baya dama can haƙarƙari ya riƙe shi ba wani lanƙwasawa yake sosai ba. Abinda na rasa shine in dunƙule bayana ko in murɗa jiki in waiga da sauri, sai dai in juya gaba ɗaya. Waɗanda aka sauko musu da ƙarfen har L3 ko L4 su ne suke jin bambancin sosai. Naki in L1 ne ƙarshe da sauƙi.

Kar kuma wani ya ce miki ƙaramin aiki ne. Awanni ake yi a ɗakin tiyata, ana zubar da jini, kwanakin farko kam ba a magana, tashi daga gado ma sai an koya miki yadda za ki mirgina jiki ɗaya ba tare da kin murɗa ba. Ana fara taka ƙafa da wuri, washegari ma ake tayar da mutum, amma ƙashin kafin ya gama haɗewa yana ɗaukar wata shida zuwa shekara, a cikin wannan lokacin ba ɗaukar kaya mai nauyi. Ki sa wannan a lissafinki, aikinki, da wanda zai kula da ke a gida.

Kawu_Sarki:

'Yata ki ji maganar mahaifiyarki, baya ba abin wasa ba ne. Laka ce a ciki fa, kuskure kaɗan mutum ya ƙare a keken guragu. Tunda kina tafiya da ƙafarki kina zuwa aikinki ki bar shi haka, ki yi ta addu'a, ki rage zama.

Fisiyo_A:

Kawu da girmanka, tsoron naka yana da tushe amma an ɗan zuzuta shi. Haɗarin taɓa laka ko jijiya yana nan ba wanda zai musa, sai dai a matasa masu irin wannan karkacewar da ba a san sanadinta ba bai kai mutum ɗaya cikin ɗari ba, kuma yanzu ana aikin ne da na'urar da take bibiyar saƙon jijiyoyi daga kai zuwa ƙafa tun daga farko har ƙarshe, in saƙon ya fara rauni nan take ake sanar da likita ya dakata ya gyara. Amma inda na yarda da kai shine ba a shiga wannan aikin sai da dalili mai ƙarfi.

Autar_Mama, ni ba likitan tiyata ba ne, fisiyo nake yi, kuma ban ga hotonki ba ban duba ki ba, so ki ɗauki maganata a matsayin abinda za ki koma da shi wajen likitocinki. Abinda na hango shine tambayoyi biyu ne kika cure waje ɗaya. Ta farko, karkacewar tana ƙaruwa? Ta biyu, daga ina ciwon yake fitowa? Aikin tiyata amsar ta farko ne. Ta biyun ba lallai ba.

Dalilin da ya sa likitanki na farko yake kallon lamba 50 ba daga kansa ya ƙirƙiro ba. Akwai binciken da aka yi a Jami'ar Iowa ta Amurka, su Weinstein da Ponseti, sun bi mutanen da suke da wannan lalurar waɗanda ba a musu aiki ba tsawon shekaru da dama. Suka ga cewa wanda ya gama girma karkacewarsa ba ta kai digiri 30 ba yawanci nan take tsayawa, amma ta gadon baya da ta wuce 50 tana ci gaba da matsawa kimanin digiri ɗaya duk shekara. Kinga digiri ɗaya ba komai ba ne a ido, amma ki lissafa daga shekara 24 zuwa 60. Wannan ne ya sa ake cewa gara a yi da ƙuruciya, lokacin ƙashi yana da ƙwari, bayan yana da laushin da zai miƙu, jiki yana warkewa da wuri. Aikin da ake yi wa mai shekara 55 ya fi girma ya fi matsaloli nesa ba kusa ba. Toh ke kuma kina 47, wajen da ba a iya yanke hukunci da lamba kaɗai, shi ya sa kika ji baki biyu, kuma ba wanda ya yi miki ƙarya a cikinsu.

Shi wannan binciken dai, da aka fitar da sakamakon shekara 50 a 2003, ya nuna wani abu da ya kamata ki sani. Cikin mutum 117 da suka bi, kashi 61 cikin ɗari suna da ciwon baya mai daɗewa, a waɗanda ba su da karkacewar kuwa kashi 35. Wato eh ciwon ya fi yawa a wajenku, amma mafi yawansa ba mai tsanani ba ne, mutanen sun yi aiki sun yi aure sun haihu sun tsufa. Matsalar numfashi da ake tsorata mutane da ita an fi ganinta ne a inda ta gadon baya ta haura digiri 80. Kuma wani abu da muke gani kullum, girman lambar ba shi yake nuna yawan ciwo ba, za ki ga mai 25 tana kuka da baya mai 60 tana harkokinta.

Yanzu ki duba yadda kika siffanta naki. Da safe lafiya, yana taruwa da zama, yana hawa wuya, in kin kwanta ya sauka. Wannan ya fi kama da gajiyar tsoka. A gefen da ya tuɗo, haƙarƙarin ya juyo baya saboda ƙashin ba lanƙwasa kaɗai yake ba har da murɗewa, sai allon kafaɗar ya zauna a kan tudu, tsokokin da suke riƙe da shi suna aiki ba hutu duk yini. Ki haɗa wannan da awanni a gaban kwamfuta kai a gaba kafaɗu a zube, ko mai miƙaƙƙen baya ma sai ya ji a jikinsa. In haka ne, ƙarfe ba zai ƙarfafa miki tsoka ba, hasali ma a wajen aikin sai an ɗaye tsokokin daga jikin ƙashi kafin a sa sukurorin, shi ya sa wasu suke fitowa da irin abinda Yaya MaiRodiBiyu ta faɗa.

Abinda zan so ki gwada tsakani da Allah na wasu watanni, ba zuwa a gasa miki baya da na'ura a shafa mai ki dawo gida ba, wannan daɗinsa na yini ɗaya ne. Atisaye nake nufi, na ƙarfafa tsokokin allon kafaɗa da na ciki da na gefen ƙashin baya, kullum. In kin samu wanda ya iya tsarin Schroth, wanda wata Bajamushiya Katharina Schroth ta faro tun wajen 1921 ita ma da lalurar take, ana koya wa mutum yadda zai tsaya da yadda zai shaƙi numfashi zuwa gefen da ya lotsa. Kar dai a ce miki zai miƙar da ƙashin babba da ya gama girma, ba zai yi ba, amma ga ciwo da tsayuwar jiki yana taimakon mutane. Ki ɗaga allon kwamfutarki ya zo daidai ido, ki riƙa tashi kina ɗan takawa kafin zafin ya fara ba sai ya fara ba. Iyo ma yana da kyau in da hali.

Amma akwai alamomin da in kina da ko ɗaya ba zancen atisaye ba ne, komawa likita ne da gaggawa a yi MRI, hoton da yake nuna laka da jijiyoyi. Ciwon da yake tashinki daga barci cikin dare ba ya jin kwanciya, dashewa ko rauni a hannu ko ƙafa, tafiya ta fara canzawa, fitsari ko bayan gida ya fara kufce miki, zazzaɓi da zufar dare da rama, domin tibi ma yana kama ƙashin baya kuma gadon baya yake yawan zama. Haka in da a ce taki wajen hagu ta lanƙwasa, likitoci sun fi zargin akwai wani abu a lakar, tunda irin wadda aka saba gani a gadon baya wajen dama take yi kamar taki.

Abban_Yara:

Malam Fisiyo Allah ya saka da alheri, na ƙaru. Ni 'yata ce take da shi, tana cikin rigar yanzu haka, kullum sai an yi daru kafin ta sa. Abinda zan ƙara wa 'yar uwa shine ta nemo tsofaffin hotunanta, musamman na lokacin da aka ce ta ajiye rigar. Likitan 'yata ya nuna min yadda suke auna abin, layi biyu ake ja a kan hoton daga ƙashin da ya fi karkata a sama da wanda ya fi karkata a ƙasa sai a auna kusurwar, sunan wani likita Cobb aka sa wa awon, tun 1948 ake amfani da shi. Ya ce min ko likita ɗaya ya auna hoto ɗaya sau biyu ana iya samun bambancin digiri kusan 5, balle likitoci biyu, balle kuma hoton safe da na yamma ko yadda mutum ya tsaya, shi ya sa ba sa cewa ya ƙaru sai bambancin ya wuce haka. Toh daga talatin da wani abu zuwa 47 ɗin nan, ana iya samun duk a shekarun girma ya faru ya tsaya tun tuni, ana kuma iya samun yanzu ma tafiya yake. Ba ɗaya ba ne ai. Kuma a tabbata hoton a tsaye aka ɗauka na baya gaba ɗaya, na kwance yana rage lambar.

Ga iyaye masu karantawa kuma, rigar nan tana aiki ga yaron da bai gama girma ba, an yi babban bincike a 2013 aka ga kashi 72 na masu sawa ba su kai matakin tiyata ba, waɗanda aka zuba wa ido kawai kashi 48, kuma iya yawan awannin da aka sa iya amfaninta. Da wannan nake lallashin tawa. Babba dai ba ta miƙar masa da komai.

Autar_Mama:

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Kawu na ji, in sha Allah ba zan yi gaggawa ba. Abban_Yara maganarka ta sa na sa Mama ta binciko min fayil ɗina, akwai takardar hoton da aka min ina shekara 17 bayan na ajiye rigar, an rubuta 44. Wato a shekara bakwai daga 44 zuwa 47, kuma ba mutum ɗaya ya auna ba. Likitan farko bai ga wannan takardar ba tunda ni ma ban je da ita ba, tsohuwar lambar kawai na faɗa masa da baki.

Malam Fisiyo ba ni da ko ɗaya cikin alamomin nan, barci nake har safe, sai dai wani lokacin yatsun hannun dama suna ɗan yin tsami in na daɗe ina rubutu, ban sani ba ko wannan yana ciki. MRI kuma ba a taɓa min ba. Yaya MaiRodiBiyu ba ki ce komai a kan haihuwa ba, ita ce ta fi tsaya wa Mama a rai.

Fisiyo_A:

Tsamin yatsun ki faɗa wa likita kar ki raina shi. Sau da yawa daga wuya ne ko wuyan hannu saboda yanayin zama da rubutu, jijiyoyin hannu daga wuya suke fitowa ba daga inda karkacewarki take ba, amma mai sikoliyosis da ciwo da kuma wani abu a hannu ya cancanci a gwada ƙarfin hannuwansa da ƙafafunsa a duba ko MRI ya kamata, akwai wani ruwa da yake taruwa a cikin laka da ba a ganinsa a hoton ƙashi. 44 zuwa 47 kuwa yana cikin kuskuren awo, amma ba hujja ba ce ta a manta da shi, ki samu hoton kansa ba takardar kaɗai ba in yana nan, likita ɗaya ya auna tsoho da sabo a zama ɗaya.

MaiRodiBiyu:

Yi haƙuri ƙanwata mantawa na yi. Ki kwantar wa Mama da hankali, na haihu bayan aikin kuma da kaina, ƙarfen bai hana ɗaukar ciki ba bai hana naƙuda ba, waɗanda ba a musu aikin ba ma suna haihuwa lafiya da karkacewarsu. Inda ake samun ɗan cikas shine allurar baya ta kashe zafi, in ƙarfen ya sauko ƙasa sosai wajen da ake yin allurar tana iya yin wahalar shiga ko ta ƙi kamawa daidai, shi ya sa ake so mace ta je da hotonta wajen likitan sa barci tun cikin yana ƙarami a tsara. Wanda ya tsaya a T12 ko L1 yawanci akwai sauran fili a ƙasa.

Ni da ni ce ke da wannan 44 ɗin a hannu, zan koma wajen likitan farko da ita in ga ko maganarsa za ta canza, likitan kirki ba ya jin haushin sabon bayani. In kuma ya tsaya a kan a yi, ki tambaye shi kai tsaye, don ciwon zai yi ko don tsayar da karkacewar, kuma cikin waɗanda ya yi wa masu shekarunki nawa ne ciwonsu ya tafi. Ki tambaye shi irin wannan aikin sau nawa yake yi a shekara, da na'urar bibiyar jijiya zai yi ko babu, me ya sa L1 ba T12 ba, sannan in ƙashin ya ƙi haɗewa ko sukuru ya saki ko wajen ɗinkin ya kama ruwa me ake yi, domin ana komawa aiki na biyu wani lokacin, kuma gaɓoɓin da suke ƙasa da ƙarfen su suke ɗaukar nauyin motsin duka, da shekaru suna iya gajiya. Tambayar da ta fi min amfani lokacin nawa ita ce, in na jira shekara ɗaya me zan rasa? Ni aka ce min zan rasa, tunda nawa gudu yake. Ke ki ji me za a ce miki. Ki shiga da Mama ko wani babba ɗakin likitan, ki rubuta tambayoyin a takarda, mutum in ya zauna gaban likita rabin abinda ya zo da shi guduwa yake daga kai.